Yunwar da Na Sha Tsakanin Shenzhen da Zhuhai

Akwai rana guda da ko tsufa ya fara kwashe mini tunani ba na jin zai iya tafiya da ita. Ita ce ranar da na wuni da yunwa a tsakiyar abinci a ƙasar Sin, har na kusa rasa matar da nake aure yanzu, duk da sunan ladabi.

Karatu ne ya kawo ni Doha daga Funtuwa. Da annobar korona ta rufe gari, sai aka tura mu masu karatun gwaje-gwaje mu taimaka a wani ɗakin awo. A nan na haɗu da ita, 'yar ƙasar Sin ce. Wata biyu muna aiki tare ban ga komai a fuskarta ba sai idanu, saboda takunkumi. Ran da na ga ta shimfiɗa darduma a bayan kabad ta tayar da sallar la'asar, na tsaya baki buɗe, don ni a jahilcina ban taɓa kawo wa raina akwai Musulmi a Sin ba. Ashe kaka da kakanni suke a cikin addinin. Daga gaisuwa magana ta yi nisa, har na ce ina so a san da ni a gidansu. Mahaifinta mai shagon taliya ne a birnin Shenzhen, kuma amsarsa ɗaya ce: ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai sani ba sai ta gilashin waya. In zo ya gan ni. To ina hanyar zuwa? Ƙasarsu a kulle take. Muka yi ta jira, har aka yi gasar cin kofin duniya a nan Doha aka watse, duniya ta zo ta cika gari ta koma, ni ban samu shiga Sin ba. Sai bayan nan aka buɗe, ta riga ni tafiya, ni kuma na samu hutun kwana biyar.

Kafin in tashi na je unguwar Al Asmakh sallama da wani dattijo Bakano, direba, wanda ya zame mana uba a garin nan. A wurinsa muke cin tuwo ranar Juma'a. Ya zaunar da ni ya yi mini huɗuba.

"Ka ga, ɗana, ba kai kaɗai za ka je ba, da mutuncinmu za ka je. Ka san halinka da abinci. Kada in ji an ce ka zauna gaban suruki kana kai loma. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, in an kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Khalas, shi ke nan. Yalla, tashi, Allah ya ba da sa'a."

Gaskiya ya faɗa game da halina, don ni ba na wasa da cikina. Kuma abin da ya ce ba baƙo ba ne a wurina. Na tashi na ga yayyena suna dawowa daga gidan surukansu suna neman ko da ƙanzo ne, alhali an yanka musu kaza a can. Na riƙe maganar dattijon gam.

Washegarin saukata ce ranar. Baba, haka nake kiransa tun daga lokacin, ya bar wa matarsa shago, abin da aka ce bai saba yi ba, don ya kai ni Zhuhai in ga gari, in kuma gaisa da ƙaninsa da ke can. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da farar hula, hannuwansa duk jijiya saboda jan ƙullu. Na durƙusa na gaishe shi har ƙasa, ya yi sauri ya ɗago ni yana waige-waige, ya zaci tuntuɓe na yi. Na miƙa tsarabar dabino, ya karɓa da hannu biyu. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu, ita ce tafinta.

Kafin mu fita ya ce sai an karya. Ya tsaya gaban tebur ya ɗauki curin ƙullu, ya ja, ya ninka, ya buga, ya sake ja, kafin ka ce me ya zama zare-zare a tsakanin yatsunsa. Ya jefa a tafasasshen ruwa, ya tsame, ya zuba romon naman sa, ya yanka nama siriri-siriri a kai, da ganye da jan mai na barkono. Da kansa ya ajiye a gabana ya ce, "Bismillah." Ƙamshin nan ya daki hancina, yawuna ya tsinke. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

Ta dube ni da mamaki, don ta san ni a ɗakin cin abinci na wurin aiki. "Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau. Ki dai ce masa na gode, na ƙoshi."

Ta faɗa masa. Ya yi tambaya, ta juyo. "Wai a ina ka ci?"

Na yi murmushi kawai. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ɗauke shi. Ni kuwa a raina ina yi wa kaina kirari, wai na ci jarrabawar farko.

A hanyar tashar jirgin ruwa ya tsaya wurin wani abokinsa ya sayo gurasa mai zafi da tsiren rago. Na ƙoshi. A tasha ya ɓare lemo ya miƙo mini. Na ƙoshi. Har shayi na mayar, don ban san inda iyakar dokar take ba, na ce gara in wuce gona da iri da in gaza.

Muka shiga jirgin fito, ƙato, mai kujeru jere kamar na jirgin sama. Ni da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba, ga ciki wayam tun ɗan abin da aka ba mu a jirgin sama jiya. Da farko na sha kallo. Dogayen gine-ginen Shenzhen suna ja da baya, manyan jiragen kaya tsaye a kan ruwa, can nesa ga wata gada da ta miƙe a cikin teku ba ka ganin ƙarshenta. Baba yana nunawa da yatsa, ita tana fassarawa a taƙaice, don ta fara jin haushina. Da muka yi nisa ruwa ya fara wasa da jirgin, gumi ya karyo mini, na fara ganin mutane bibbiyu. Na ce zan je bayi. Na lallaba can baya, na raɓe a wani lungu, na laluba aljihun rigar sanyina na samu dabino biyar da suka rage tun Doha. Na tura uku a baki lokaci guda.

Ina cikin tauna na ɗaga kai, sai ga Baba tsaye da gorar ruwa a hannu. Ashe ganin yadda na tashi ina layi ne ya sa ya biyo ni. Ya dubi kumatuna, ya dubi ƙwallon dabinon da ke tafin hannuna. Ya ajiye gorar a kusa da ni ya juya. Wallahi da a ce ƙofar jirgin a buɗe take da na yi tunanin faɗawa ruwan.

Zhuhai gari ne mai kyau, amma a ranar da ƙyar na gan shi. Mun bi wani dogon titi a bakin teku, da itatuwa da masu keke. Mun tsaya gaban mutum-mutumin wata mace da ke tsaye a kan dutse cikin ruwa ta ɗaga hannu sama, jama'a na ta ɗaukar hoto. Baba ya daina nuna komai. Yana gaba, hannu a baya, mu muna biye. Da muka kai wani benci ya zauna, ya yi magana mai tsawo ba tare da ya dube ni ba. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Me ya ce?"

"Ya ce shekara da shekaru yana ciyar da mutane, bai taɓa ajiye haram a gaban kowa ba. Ya ce in kana ganin Musuluncinmu bai kai ka ci abincinmu ba, ka faɗa tun yanzu. Ba zai ba da 'yarsa inda za a riƙa ƙyamar hannunta ba." Ta share ido ta ƙara nata. "Ni ma ina son in sani. Me muka yi maka?"

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don na ga shekara biyu na jira suna shirin tafiya a banza. Na durƙusa a gabansa a kan titin nan, ban damu da masu kallo ba, na ce ta fassara kalma bayan kalma.

"Baba, wallahi tun da nake ban taɓa jin ƙamshin abinci irin na safiyar nan ba. A wurinmu, mutumin da zai ba ka 'yarsa ya fi ƙarfin ka buɗe baki ka tauna a gabansa. Kunya ce. Girmanka ne ya hana ni, ba ƙyama ba. Yunwa kuwa, ka dai ga abin da ta sa ni a jirgi."

Ta fassara. Ya sake tambaya, ta ce, "Wai har yaushe ake wannan kunyar?"

"Wasu har mutuwa."

Da ya ji haka sai ya dafe hularsa ya fashe da dariya, har da tari. Ya faɗi wani abu, ita ma ta yi dariya cikin hawaye. "Wai ashe a garinku da mai shagon abinci ya aurar da 'ya, ya yi asarar mai saye ke nan."

Daga nan ya miƙe, muka nufi shagon ƙaninsa. Muka yi azahar a ɗan ɗakin baya, ya tura ni gaba in ja su. Da muka idar ya naɗe hannun riga, ya ture ƙanin nasa daga tebur, ya ja taliya sabuwa da kansa, a kwanon da ya fi na safe girma. Ya ajiye a gabana. Na ɗauka zai zauna ya tsare ni da ido, na kuma shirya in ci ko da kunya za ta kashe ni. Sai na ga ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango, ya ba ni baya. Ya yi magana daga can.

"Ya ce yanzu ba a gabansa kake ba," in ji ta. "Ka ci. Amma wai yana so ya ji ƙarar zuƙa, don ya tabbatar."

Ban iya riƙe tsinkayen nan biyu da suke ci da su ba, aka ba ni cokali mai yatsu. Na ci taliyar nan ina zuƙa da ƙarfi, hawaye na zuba, ina cewa barkono ne. Na shanye romon tas. Na ce, "Alhamdulillahi," ya ce a ƙara, bai juyo ba. Sai da na tashi da kwano biyu sannan ya juyo da kujerar, ya leƙa cikin kwanon, ya dafa kafaɗata. A jirgin komawa shi ya zauna kusa da ni, ya ɓare lemo ya miƙo mini rabi, ya kau da kai wajen taga har na cinye. Kafin mu sauka ya ce in turo manyana.

Da na dawo Doha na ba dattijon Al Asmakh labari, ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe na kusa kashe maka aure da bakina." Shi ya tsaya a matsayin waliyyina. Yau muna zaune a unguwar Al Sadd da 'yarmu guda, kuma duk ran da Baba ya kira ya tarar muna cin abinci, sai mu ga allon waya ya koma kallon bango, muryarsa na fitowa yana tsokanata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, girmamawar da mai ita bai gane ta ba, raini take zama a idonsa, komai kyawun niyyarka, don haka ka buɗe baki ka yi bayani tun kafin zuciya ta ɓaci. Ni na je da al'adata na kusa ɓata komai da ita. Shi kuwa bai ce in yar da ita ba, kujerarsa kawai ya juya. Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri, ya ba ni ikon riƙe masa 'yarsa yadda ya riƙe mini mutuncina.