Hoto Bai Zo Ba Tukuna

Jawo kujerar nan ka zauna, ka kife wayarka na ɗan lokaci, in ba ka labarin wani mutum da ƙila ka sha wucewa ta ƙarƙashinsa ba ka ɗaga kai ba.

Na-Sama ake ce masa a unguwa, kuma sunan ya bi shi har ƙannen matarsa sun manta na yanka. Sana'arsa ɗaura farantin satalayit. Doguwa ce ƙirarsa, ga tsawo ga rama, ƙeyarsa ta fi fuskarsa baƙi don ita rana ta fi samu. In yana tafiya a titi idonsa na bisa. Ba ya gane gidan mutum ta ƙofa, sai ta rufi. Ka ce masa gidan wane, sai ya ce, "Mai kwanon da ya lotsa ta gabas? Na san shi." A gidansa kuwa talabijin ɗin falo sai an mare ta a gefe take nuna fuskar mutum sosai. Matarsa kan ce duk garin nan ya gyara wa kowa kallo, ita aka bar wa yayyafi.

To, aikin nan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, a yadda shi ya koye shi. Wanda ke bisa yana juya faranti kaɗan-kaɗan, amma ba ya ganin talabijin. Wanda ke ƙasa yana gaban talabijin, shi ne idon na bisa. In ya ce hagu, a yi hagu. In ya ce tsaya, a tsaya cak kamar an dasa mutum. Sai ya ce "ɗaure" sannan a sa sifana a ɗaure notuna. Duk tsawon shekarun da Na-Sama ya yi a sana'ar, bai taɓa zama farkon wanda ya ga hoton da hannunsa ya kamo ba. Murya kawai yake bi, kuma muryar mutum ɗaya ce.

Ƙanin matarsa ne. Ya dawo gidan Na-Sama da zama bayan rasuwar mahaifinsu, ya girma a gabansa, Yaya yake kiransa. Ranar farko da aka ɗora shi a tsani, bai yi nisa ba gwiwoyinsa suka fara gaisawa da juna, sai da aka sauko da shi kamar kayan fashi. Na-Sama ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Shi ke nan, kai ƙasa aka halicce ka." Daga nan ya zama Na-Ƙasa. Allah kuwa ya ba shi baki. Kafin a gama aiki ya san sunan autan gida, ya sa uwar gida dariya, an kawo masa ruwan sanyi. In Na-Sama ya sauko da gumi, sai ya tarar an riga an yi abota ba da shi ba. Abin bai taɓa damunsa ba. Abokan sana'a sun sayi 'yar na'urar da ke nuna sigina tun daga bisa, suka ce ya saya ya huta. Ya ce na'ura tana iya lalacewa, nasa kuwa tare suke cin abinci.

Sai ga aikin dogon benen nan na wani kamfani, wanda gilashi ya rufe shi tun daga ƙasa. Suna so a sa talabijin a ɗakin jiran baƙi, da ɗakin taro, da ofishin manaja, duk daga faranti ɗaya. Kwana biyu suna jan kebul ta cikin silin, suna huda bango, ma'aikata na ɗage ƙafa daga kan ƙura suna yatsina. Rana ta uku da safe Na-Sama ya ɗauki farantin ya hau.

Saman benen ba kamar rufin gida ba ne. Siminti ne shimfiɗe, da manyan tankunan ruwa, da injinan sanyaya ɗaki jere suna hura zafi kamar bakin tanda. Wurin da ya dace da faranti kuwa can gefe ne, inda katangar ba ta wuce gwiwa ba. In ka leƙa, motoci kamar kwalin ashana. Ya kafa ƙarfe, ya ɗora faranti, ya bar notuna sako-sako yadda zai juyu, ya maƙala waya a kunne.

"Ina jin ka," in ji shi.

"Yi hagu, Yaya. Ƙara. A'a, ka wuce, dawo. Ɗan ɗaga masa kai."

"Haka?"

"Kamar yana so. Ƙara kaɗan, kamar za ka shafi kan jariri. Tsaya nan."

"In ɗaure?"

Ta cikin wayar ya jiyo wata murya daga nesa, da ƙarar kofi a kan tebur.

"Kada ka ɗaure tukuna. Hoto bai zo ba sosai, yana rawa. Riƙe shi nan, kada ka motsa, bari in shiga dikoda, akwatin tashoshin nan, in nemo su. In ka motsa sai mun koma farko. Zan kira ka."

Ya riƙe. Faranti babba ne, iska kuma a can bisa ba ta da kunya, sai ta bari ka saki jiki ta bangaje shi. Ya tokare da kafaɗa ɗaya, hannu biyu a gefen ƙarfe. Inuwar tankin da ke kusa ta janye a hankali ta bar shi. Rana ta take tsaka, ƙarfe ya fara cin tafin hannu, gumi na shiga ido ba halin sharewa. Gorar ruwansa tana can jikin jakar kayan aiki, yana ganinta, ba ta miƙuwa. Ya ce a ransa, dikodar zamani ce, yaron yana can yana fama.

Ƙofar matakala ta buɗe. Wata dattijuwa mai shara ta fito da bokiti da tsummokaran goge-goge za ta shanya. Ta gan shi, ta dafe ƙirji.

"Bawan Allah, kana nan ashe? Ba za ka shigo inuwa ba?"

"Sannu, Baba. Hoto muke nema."

"Wane hoto kuma? Ai hoto ya zo tun ɗazu. Na goge ɗakin jira kaf ina kallon wasu mata suna dafe-dafe, har tururin tukunya ana gani. Masinja ma ya ƙi zuwa aike."

"Ƙila ɗakin taro ne bai kawo ba."

"Duk sun kawo. Ogan naka ma ba ya wajen, yana ofishin manaja an ba shi shayi."

"Ogana?"

"Mai farar rigar nan, mai fara'a." Ta matse tsumma ta baza a kan bututu. "Na shiga kwashe kofuna na ji. Kamfani na neman mutum ɗaya da zai riƙa kula da talabijin na duk rassansu. Manaja ya ce a kira mai aikin a yi magana da shi. Sai mai farar rigar ya ce ai shi ne mai aikin, kai ɗauko ka yake yi in akwai hawa. Ya yaba ka fa, ya ce ba ka da ƙiwa."

Na-Sama ya gyara riƙon farantin. Ya roƙe ta ta danna masa lambar da ke saman wayar, don hannuwansa ba sa sakuwa. Ta danna ta kara masa a kunne.

"Ya ake ciki?" ya tambaya.

"Tukuna, Yaya. Hoto bai tsaya ba. Ka ƙara haƙuri kaɗan."

Muryar ce dai, ba ta yi rawa ba, ba ta sauya ba. Irin wadda ta sha ce masa hagu ya yi hagu a bakin rufin da ko akuya ba za ta hau ba.

"To," in ji shi.

Ya ɗan jima a tsaye. Da ya karkata kafaɗa kaɗan, da talabijin uku sun ɗauke a gaban manaja. Ya san haka, ya kuma ji daɗin tunanin na ɗan lokaci. Sai ya sa gwiwa ya tokare, ya zaro sifana, ya ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya ce masa ɗaure ba. Ya shanye ruwan gorar da ya zama kamar na wanka, ya yi wa dattijuwa godiya, ya sauka.

Ta gilashin ofis ya hango su suna musabaha. Manaja ne ya fara ganinsa, ya ce, "Ga yaron naka ya sauko." Na-Ƙasa ya juyo, ya dubi hannuwan da suka yi ja, ya dubi ƙasa, bai gyara maganar ba.

Sai da suka fita wajen ajiye babura ya buɗe baki.

"Yaya, ka tsaya ka ji. Mutum ɗaya suke so, mai iya zama da su. Kai da kanka ka san in ka shiga ofishin nan gaisuwa kawai za ka yi ka nemi ƙofa. Da ka sauko da wuri da mun rasa duka. Aikin ai namu ne, ni zan riƙa karɓa, kai ka riƙa hawa, kamar kullum."

"Da ka ce in bar maka, da na bar maka. Ka sani."

"To ai shi ne."

"Ba shi ne ba." Ya ɗaure jakar a bayan babur, ya ja igiyar sosai. "Ina bakin katanga ka ce mini bai zo ba. Na sake tambaya, ka sake faɗa."

A gida matarsa ta ga hannun, ta kawo man shafawa, ta ji labarin tana shafa masa. Can ta ce, "Uwa ɗaya muke da shi, ba zan iya canja wannan ba. Amma ba ni ke hawa ba, Baban yara. Ba zan ce maka komai ba."

Washegari da hantsi Na-Ƙasa ya yi hon a ƙofa, sau biyu gajeru, yadda aka saba. Reshen farko na kamfanin yana jira, kuma Na-Ƙasa bai fi ƙarfin tsani ba har yau. In Na-Sama ya ƙi fita, aikin ya suɓuce wa ƙanin matarsa tun ba a fara ba, kuma gidan ba zai koma yadda yake ba. In ya fita, zai tsaya a bakin wani rufin, baya ga iska, yana jiran wannan muryar ta gaya masa abin da ba ya gani. Yana zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, aka sake yin hon.

To kai da ka zauna ka ji, in kai ne, za ka sa ɗaya takalmin?