Jarkokin Babana

Shekaranjiya maƙwabciyata ta raba wata tsohuwar jarkar fetur gida biyu, ta cika ta da ƙasa za ta shuka na'a-na'a. Ba ta wanke ta da kyau ba, tana zuba ruwa sai warin fetur ya taso haɗe da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na daɗe ban share komai ba. Haka tsakar gidanmu na Jibiya yake wari a shekarar da kakata ta zama mai son fure.

Babana da ƙaninsa fetur suke kaiwa Maraɗi a kan babur. In ba ka taɓa gani ba, to mutum ne zaune a tsakiyar jarkoki, wasu a baya, wasu gefe da gefe, ɗaya a kan tanki, duk an ɗaure da roba, ba abin da kake hangowa sai kansa. Kafin gari ya waye suke fita, su bi ta cikin yashi. Da wannan muke ci, da shi ake mana ɗinkin salla.

Wata ranar bazara suka fita tare, babana ya dawo shi kaɗai. Babur ɗin baffana ya zame a yashi, wuta ta tashi. Babana yana bayansa, ya ga komai, bai iya yin komai ba. Ban ga ya yi kuka ba. Ya jingine babur a zaure, ya jera jarkokinsa a jikin katanga, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Aka yi ta zuwa gaisuwa har aka gama, shi yana nan zaune. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ko kaji sun ji shi. Ni ma ban yi kuka ba, na dai daina jin daɗin abinci.

Kowa ya san zai koma hanya, don ba shi da wata sana'a. Kowa kuma ya san kakata 'ya'ya biyu Allah ya bar mata, yanzu saura ɗaya. Matsalar ita ce babana ɗan fari ne. A tarbiyyar su kakata, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Baffana shi ne auta, shi take zagi, shi take ɓoye wa ƙanzon tuwo. Babana kuwa in ya gaishe ta da safe, bango take kallo ta amsa. Matar da ba ta taɓa ce masa sannu da zuwa ba, da wane baki za ta ce masa kada ya tafi?

Ruwan farko ya sauka, sai ta kira ni.

"Ke, tahi ki ce ma ubanki ya ba ni bido guda, wadda ta huje."

Bido ita ce jarka a bakin mutanen Maraɗi, can aka haifi kakata. Na je na faɗa, babana bai ɗago kai ba ya ce in ɗauka. Na duba su kaf, babu wadda ta huje. Na kawo mata ɗaya na ce, "Kaka, wannan lafiyarta lau." Ta sa wuƙa a garwashi har ta yi ja, ta luma mata a gindi.

"To, yanzu ta huje."

Wannan ita ce matar da ta taɓa tuge furen da na roƙo a makaranta, ta ce abin da ba a miya da shi cin wuri ne kawai. Sai ga ta tana yawo gida gida tana roƙon iri. Ta shuka ɗoɗɗoya, ta shuka na'a-na'a, ta dasa lalle, ta sa aka tono mata albasar kwaɗi daga bakin gulbi, da wani jan fure da har yau ban san sunansa ba. Kowane iri kuma sai an ba shi jarkarsa. Ta jiƙa farar ƙasa ta shafe wasu, wasu ta shafa musu bula. Ta aike mu tsintar fararen duwatsu ta zagaye su, ta kife kwalabe a ƙasa ta yi musu iyaka, ta liƙa fasassun tangaran a jikin katanga da laka. Da jarkoki suka yi ƙasa sai ta nemi tsohuwar taya, sannan robar ɗauri, wai mai yaɗo zai hau. Madubin babur ma ta karɓe ta rataye a kusurwa. Duk abin da na je nema, babana kalma ɗaya yake faɗa: ɗauki.

Innata ce ta fara ganewa. A madafa ta ce mini, murya ƙasa ƙasa, "Hure za mu ci a gidan nan?" Ba ta da bakin yi wa surukarta magana, sai ta ɓoye sauran jarkokin a ƙarƙashin gadonta. Ba a jima ba kakata ta ce, "Ki ce ma uwarki ƙarƙashin gado ba wurin ajiyar mai ba ne." Inna ta fito da su da hannunta ta dire a tsakar gida. Ba ta da laifi, tuwonmu ya riga ya koma sau ɗaya a yini.

Tsakar gidan kuwa ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Tsakiyar damina komai ya yi kore shar, jan furen ya buɗe, matan unguwa suna leƙowa suna cewa tsohuwa ta samu abin ɗebe kewa. Ita dai ba ta tsayawa kallonsa. Ta zuba ruwa ta koma ɗaki.

Bayan girbi wani abokin babana ya zo, suka daɗe a zaure. Washegari babana ya goge babur, ya zuba masa mai, ya tayar da shi. Da yamma aka kawo jarkokin aro. Ya ce wa Inna jibi zai fita.

Kakata ta kira ni. Tana zaune a bakin ɗaki tana tsinkar zogale.

"Ki ce mishi shukata ba ta da haske. Hitilar babur nike so."

Ko ni da nake yarinya na san babu mai bin wannan yashi da asuba ba fitila. Na je na faɗa. Wannan karon bai ce in ɗauka ba. Ya tashi ya shigo da kansa, ya tsaya nesa da ita kaɗan, ya cire hula.

"Iya, in na ba da ita, da mi zan ga hanya?"

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Ki ce mishi hitilar nike so."

Ta ci gaba da tsinkar zogalen. Babana ya daɗe a tsaye. Daga nan ya juya zaure, muka ji ƙarar ƙarfe. Ya kwance fitilar, ya ciro batir, ya ɗaura ta a ginshiƙin rumfa ya ja waya. Ana kiran magariba ya haɗa, haske ya faɗa kan jarkokin nan farare da shuɗɗa, madubin ya maido shi jikin tangaran. Yaran maƙwabta suka shigo suna ihu. Inna ba ta fito ba. Ni na tsaya ina kallo, ban ji murna ba, ban ji baƙin ciki ba, yunwa kawai nake ji.

Da safe aka mayar da jarkokin aro. Ranar kakata ba ta ba shuka ruwa ba, washegari ma haka. Da na ga ɗoɗɗoyar ta fara langaɓewa na ce, "Kaka, furenki zai mutu."

"Ya mutu mana. Ni mi zan yi da hure?"

Ba ta ƙara taɓa shi ba har ta rasu. Babana ne ya ɗauki bokiti.

Ya koma noma wajen ƙauyen Riko da damina, da rani ya yi awon hatsi a kasuwa. Inna ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, a haka muka tashi. Cikin waɗanda ya yi hanya da su, wasu sun gina benaye, wasu ba su dawo ba. Na daɗe ina auna abin, ban san wanda ya fi gaskiya ba tsakanin Inna da kakata, yanzu ma na daina aunawa.

Yau ƙanena ya zagaye tsakar gidan da ƙananan fitilu masu cajin rana, ya sayo tukwanen siminti, 'yan mata suna shigowa ɗaukar hoto a waya. Babana ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, amma ba ya barin kowa ya riƙe masa bokitin. Zuwana na ƙarshe na same shi a kan tsofaffin jarkokin, rana ta cinye su har suna marmashewa. Na ce, "Baba, wai kai kana son furen nan kuwa?"

Bai tsaya da zuba ruwan ba.

"Nata ne," ya ce. "Ba ta ce in bari ba."