Ƙwan Majigin Inna

Inna ba ta taɓa cewa a kunna mata majigi ba. Kullum yara ne. Sai ta ce jikokinta sun dame ta, a kunna musu abin nan ko ta samu ta huta, alhali yaran suna can gindin mangwaro suna wasansu, majigi ko a ransu.

Ni na kai majigin gidan. Ina koyarwa a Ƙaraye, ita kuma tana ƙauyenmu ta wajen Jajaye tare da ƙanena da matarsa. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na tuna da bidiyon sunan 'yata ta fari, wanda aka ɗauka tun zamanin kaset, na sa aka juye min shi a filashi. Baba bai daɗe a ciki ba. Yana zaune a tabarma a ƙofar gida yana raba goro, wani ya faɗi wata magana, ya ɗago kai ya yi dariya. Iyakar abin da ya rage mana na motsinsa ke nan. Na fara nuna wa Inna a waya, ta kai ta kusa da fuska, ta nesanta, ta miƙo min ta ce ita ƙyalli kawai take gani. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Shi ya sa na shiga Kano na sayo majigi ɗan gwanjo, don ta gan shi da girmansa.

Muka shafe bangon ɗakin Baba da farar ƙasa, muka toshe taga da bargo, muka jona da batirin sola. Ranar farko, bayan la'asar, ina ta hura hanci kamar ni na ƙera abin. Hoto ya cika bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inna ta shigo da ƙwaryar gyaɗa ta zauna a gefe tana ɓara, wai ita aikinta take yi. Da Baba ya fito sai ta dubi bangon ta gefen ido ta ce, "Wannan kuma wane ne? Babanku bai taɓa ajiye tumbi ba."

Gaskiyarta. Baba dogo ne siriri kamar karan dawa, ga shi a bango ya koma gajere mai faɗi, hularsa kamar faifai. Tsohon bidiyo ne, faɗinsa da tsayinsa ba su da nisa da juna, huɗu-da-uku ake ce masa, shi kuma majigin ya ja shi ta gefe da gefe don ya cika ma'aunin finafinan yanzu, sha shida-da-tara. Ƙanena ya nace a bar shi haka, wai in aka gyara an yi asarar bango. Na ce masa bango muka zo kallo ko Baba? Na danna rimot, gefe biyu suka yi baƙi, Baba ya koma tsayinsa. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Can sai ta ce ragon sunan nan ya yi kyau.

Kafin in koma Ƙaraye na yi wa ƙanena dogon bayani. In an gama kallo a kashe da rimot, a bar fankar ciki ta yi ta juyawa har ta tsaya da kanta, don ita ke huce ƙwan da ke ba da haske. A riƙa zare soson da ke tace iska ana kaɗe shi. Ban ga dalilin gaya wa Inna ba, ina ruwanta da inji?

Damina ta shigo, hanya ta lalace, aiki ya riƙe ni. Sai ga kira daga matar ƙanena, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Inna ta daina shiga ɗakin, abinci ma sai ta ɗan taɓa ta ture. Wai ta gaya mata idonta ya ƙare, yanzu inuwar Baba kawai take gani a bango, kuma kada a gaya min. Raina ya ɓaci, hankalina ya tashi. Washegari na hau babur.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma haɗa ido da ni. Ta amsa gaisuwata tana kallon kaji kamar yadda ta saba. Na wuce ɗakin Baba, na tarar da majigin lulluɓe da gwadon Baba mai kauri, an ninke shi tsaf. Na yaye na kunna. Ni mai lafiyayyen ido ma da ƙyar na gane mutanen da ke bango, komai ya yi duhu ya yi ja-ja-ja.

Matar ƙanena ta ba ni sauran labarin. Mijinta yana gona wuni, ita ke kunnawa ta koma aikinta. Da bidiyo ya ƙare sai Inna ta zare wayar majigin daga batir, wai abin yana ta haki, a bar shi ya huta. Sannan ta lulluɓe shi da zafinsa. A gidanmu duk abin da ke da daraja rufe shi ake yi: rediyo, keken ɗinki, kwanon tuwon maigida. To ina ga abin da Baba ke ciki? Haka ƙwan ya yi ta dahuwa a ƙarƙashin gwado, soson kuma ya toshe da ɓawon gyaɗa.

Na fito bakina cike da faɗa. Na sami Inna tana tsintar wake da laluben hannu, ta rame, sai faɗan ya bi ruwa, tausayi ya kama ni. Na durƙusa na ce, "Inna, ba idonki ba ne. Ƙwan ne ya gaji, ni ma ba na gani." Ta ce kada in lallashe ta kamar yarinya, ita ta san abin da Allah ya ɗora mata.

Na sha yawo a Kano kafin in samu ƙwan da ya dace. Ranar da na kawo shi na kwance murfin, na zare tsohon da ya yi baƙi, na riƙe sabon da ƙyalle mai tsabta don kada maiƙon hannu ya taɓa gilashinsa. Na wanke soson na shanya. Na roƙi Inna alfarma ɗaya, in za ta rufe ta jira fanka ta yi shiru, ta taɓa ta ji ya huce. Ta ce ta ji, amma da wuya ta ƙara shiga. Duk da haka da na kunna sai ga ta a bakin ƙofa, ba ƙwarya, ba gyaɗa. Yara duk sun tafi Islamiyya.

Farin bangon ya haska har kan fuskarta. Yanar tana nan, ban yaudari kaina ba, amma na ga ta matso, ta zauna a tsakiyar ɗaki tana fuskantar bango sosai. Baba ya miƙa goro, ya ɗago kai, ya yi dariyarsa.

"Ashe yana nan," in ji ta a hankali. "Ga hular ma a karkace."

Bidiyo ya wuce kan masu yankan rago. Na ɗauki rimot zan kashe, ta ɗaga hannu ba tare da ta juyo ba.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Ni za ka mayar wa."