Mai Neman Aibun Manhaja

A wurin aiki Idan-Fa ake kiransa, don bakinsa ba ya rabo da wannan tambaya. Sana'arsa gwajin manhajar kwamfuta. In masu rubuta ta sun gama, sai su miƙa masa, shi kuwa ya zauna a kusurwarsa ya nemi hanyar karya ta kafin ta isa hannun jama'a. Inda aka ce a sa lamba, ya zuba haruffa. Ana tsakiyar aiki, ya zare wayar wuta. In manhajar ta tsaya cik, ya bi rubutunta layi-layi har ya kamo inda aka yi tuntuɓe.

"Kai dai ba a yi maka gwaninta," in ji shugabar sashensu wata rana.

"Ranki ya daɗe, gwaji yana nuna akwai aibu. Bai taɓa nuna babu ba."

Ana nan sai matarsa ta fara ciwon ciki. Aka ɗauki jini, aka yi hoto, likita ya ce ba a ga komai ba. Ta dawo gida da fara'arta, ta ɗora tukunya. Shi kuwa ya ƙi cin abincin.

"Ba su gani ba ne," ya ce. "Idan fa ba su duba inda ya dace ba?"

"Haba, Baban yara! Ni ba kwamfutarka ba ce. Bar ni in sha iska."

Bai bar ta ba. Daga wannan asibiti sai wancan. Duk hutun da ya samu, a bencin jira suka cinye shi. Ƙanwarta ta haihu a wani gari, matar tasa ta roƙe shi su je barka, ya ce sai sakamako ya fito. Daga ƙarshe wani likita ya gano ƙari ɓoye a bayan hantar matarsa, ya riga ya bazu. Likitan ya ce ko da wuri aka gani, da wuya a iya masa. Ta rasu ba ta taɓa ɗaukar jaririn ba.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa, "Ashe kai ka hango abin tun farko." Babu maganar da ta ci masa rai kamar wannan yabo.

Ya koma bakin aiki, ya rame, magana ta ragu. Da rana babbar 'yarsa takan kira shi a waya.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci," yakan ce, kwanon na gefensa ko buɗe shi bai yi ba.