Takardar Jinin Baba da Ta Kwana Biyu a Durowa

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da na je karɓar sakamakon gwajin jinin Babanmu a Sabon Gari ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai in ji raina yana tafasa.

Baba atamfa yake sayarwa a Fagge. Wata Talata da hantsi ya dafe ƙirji a shago, gumi ya jiƙa masa riga. Na sa shi a adaidaita sahu muka tafi wani ƙaramin asibiti. Likitan ya ce ƙila olsa ce, amma a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji. Ya yi mini bayani cewa in zuciya ta ji rauni, akwai sinadarin da take zubarwa cikin jini, kuma yawansa ne ke nuna inda ɓarnar ta kai. Ni da hannuna na kai jinin wani ɗakin gwaji a Sabon Gari. Suka karɓi lambar wayata, suka ce in an ga wani abu za su kira.

Ba su kira ba. Baba ya ce ai da da matsala da mun ji, ya koma kasuwa yana hawan bene da turamen atamfa a kafaɗa. Ni ma na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ranar Alhamis na biya ta ɗakin gwajin. Matar da ke kan kanta ta jawo durowa ta miƙo mini takarda, idonta na kan wayarta. An zagaye sakamakon da jan biro, an rubuta a sanar da likita da gaggawa. Kwanan watan Talata ne a jiki.

"Baiwar Allah, tun shekaranjiya wannan ya fito?"

"Ni ba aikina ba ne kiran mutane," ta ce. "Mai kiran ya tafi biki."

Ban san ina da irin wannan murya ba sai ranar. Na buga kantar har masu jiran layi suka miƙe, amma babu wanda ya fito daga ciki ya ba ni haƙuri.

Na garzaya Fagge, a kan matakalar shago na tarar da Baba zaune yana haki. Na kai shi babban asibiti aka sake gwajin, aka ce ciwon zuciya ne ya buge shi tun Talata, jijiyoyi biyu sun kusa toshewa. Likitar da ta duba shi ta ce naman zuciyar da ya mutu a kwana biyun nan ba ya dawowa.

Baba ya rayu, amma ya bar kasuwa, ko masallacin layinmu ba ya kaiwa sai ya tsaya ya huta. Shi ya ce ya yafe. Ni har yanzu ina ƙoƙari.

Tun daga ranar na daina jiran a kira ni. In aka ɗebi jinin wani nawa, a bakin ƙofar nake zama har takardar ta shiga hannuna, in kai wa likita da ƙafata.