Ranar da Abakar Ya Kai Jikoki Bakin Ngadda

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Abakar a Kasuwar Shanu ya sha labarin ƙafarsa har ya ƙoshi. Dillalin shanu ne, da gidansa na bulo a Limanti, amma a ruga aka haife shi, kuma ba ya barin kowa ya manta. Yakan ce tun bai kai tsawon sanda ba yake bin garke a ƙasa har gefen Tafkin Chadi, bai taɓa cewa wash ba. Abin da ke ci masa rai jikokinsa ne, Hindu da ƙanenta Usama. Ko kantin Nnaemeka na bakin layi za su je, sai sun waiga ko Keke Napep na tafe.

Ya daɗe yana roƙon uwarsu Fanna, matar ɗansa, ta ba shi su ya taka da su bakin kogin Ngadda. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi: in ɗaya ya dawo da kuka ko ƙaya a ƙafa, shi ke nan, ba ƙari. Maganar ta tsaya masa a rai, don yana so ƙwarai ya bar wa yaran nan wani abu ban da gida.

Ran Asabar da sassafe suka fita, damina ta ja baya, gaɓa duk ciyawa. Ya yi musu tsarin garke, ƙarami a gaba, shi a baya da sanda a kafaɗa. Sai dai maraƙi ba ya tambaya, su kuwa bakinsu bai huta ba. Hindu ta tsaya a kan jerin tururuwa sai an gaya mata wa ya aike su. Usama ya tsinci ƙoƙon katantanwa yana neman mai gidan. Tsohon da ya fito koyar da saurin tafiya sai ga shi durƙushe a laka yana nuna musu sawun jaki da na saniya, kuma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata.

Da rana ta ɗaga, Usama ya zauna daɓas, leɓe ya fara rawa. Abakar ya buɗe baki zai ja labarin da ya saba, ya tuna Fanna, ya haɗiye. Ya ɗauki yaron ya ɗora a wuya.

"Kaka, daga nan ina ganin saman komai," in ji Usama. "Kai ma haka ka gani da kana yaro?"

Abakar ya shiga laluben tafiyar nan tasa a ransa, yana neman ƙaya, yana neman zafin yashi a tafin ƙafa. Babu ko ɗaya. Ƙahonni ya tuna, daga sama, da tozon shanu yana rausaya, da ƙore na ƙwanƙwasar juna a gefensa. A kan takarkari yake, bijimin da ake ɗora wa kaya da yara in za a tashi. A ƙasa kuwa, riƙe da igiya, uwarsa ce, dugaduganta duk faso. Ashe ita ta yi tafiyar. Kunya ta kama shi, kewarta kuma ta fi kunyar.

Sun iso gida Usama na barci a wuyansa, Hindu na jan sandar. Fanna ta duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga ƙaya ba.

"Baba, ba dai ɗauko shi ka yi ba? Kai da ka ce yaro da ƙafarsa yake girma?"

"Ni ma ɗauko ni aka yi," in ji shi.

Ta dube shi. Ta ce Asabar mai zuwa su tafi da gorar ruwa babba.

Har yanzu yana ba da labarin a rumfa, kuma bai rage masa tsawo ba. Sai dai yanzu da sunan uwarsa yake farawa.