Takalman Sani a Bakin Ƙofa

Laraba, Kano

Kafin assalatu na fito daga gida, Inna na biye da ni har zaure. "Kabiru, ka dawo min da Sani ko a ɗaure ne." Ƙanena ne. Ya je Doha gadi, aikin ya kuɓuce, ƙwaya ta kama shi, ya koma kwana a lungunan kasuwar Souq Waqif. Mai adaidaita ya kai ni filin jirgi yana tsokanata wai na zama Balarabe. Dariyar ma ta ƙi zuwa.

Alhamis, Doha

Daga filin jirgi na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Mushairib, na taka da ƙafa zuwa unguwar Al Asmakh, zafi kamar bakin murhu. Can 'yan Arewa suka kama wani tsohon gida don irin su Sani. Dakta Bilkisu, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Zariya, ita ke duba su.

Sani ya rame. Ga gado a ɗakinsa, amma a ƙasa na same shi, ya yi matashi da takalmansa. Tausayi ya kama ni, har da ɗan haushi.

"Ga gado fa, Sani."

"Yaya, wanda ya kwana a titi ba ya sakin takalminsa."

Na ce wa Dakta gobe zan yankar masa tikiti. Ta ce, "Malam Kabiru, jikinsa ya fara sakin ƙwaya, amma zuciyarsa tana titi. In ka ɗauke shi yanzu, khalas, shi ke nan, mun koma gidan jiya. Zauna ka gani."

Sauran kwanakin

Na zauna. Da safe magani, bayan la'asar 'yan gidan su zauna, kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Ni da nake cewa namiji ba ya irin wannan, sai ga ni ina share ido da hannun riga.

Ranar Talata da hantsi na dawo da shayin karak kofi biyu, na yi tuntuɓe a ƙofar ɗakinsa. Takalmansa ne a jere a waje. Na leƙa, yana kan gado yana minshari. Na shanye shayin duka a tsaye.

Komawa gida

Na sauka Kano lafiya, alhamdulillahi. Inna ta leƙa bayana ba ta ga kowa ba.

"Ina Sanin?"

Na ba ta labarin takalman. Sai ta ce, "To a bar shi ya yi barcinsa. Allah ya saka wa waɗanda suka ba shi ɗaki."